Sarauniya Mai Gemu Ta Maƙale a Jibiya

Tun da na dawo ban huta ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin injin niƙa, duk wanda ya gan ni sai ya tambaye ni yaya Masar. Wata ƙawata har fushi take yi da ni wai ban kawo mata tsarabar jallabiya ba. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ban je Masar ba. Iyakata Maraɗi, ita ma da ƙyar, kuma mafi yawan tafiyar a Jibiya na yi ta, a zaune a kan benci, ina hararar bayan wata babbar mota.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a Katsina. Shekarun baya na rubuta wani ɗan ƙagaggen labari a kan wata sarauniyar Masar ta zamanin da. Mijinta ya mutu ya bar magaji yaro ƙarami, ta riƙe masa mulki, daga baya ta ga ai riƙon ma mulki ne, sai ta hau gaba ɗaya. A al'adarsu sarki namiji ne, kuma yana ɗaura wani siririn gemun sarauta da igiya a haɓa, don haka ita ma ta sa aka ɗaura mata. Gemun nan shi ya sa ni rubuta littafin. Na daɗe ina tunanin abin da ta ji a ranta ranar da aka fara ɗaura mata shi, manyan ƙasa suna tsaye suna kallo, babu mai ikon yin dariya.

Littafin bai yi wata kasuwa ba, amma ya faɗa hannun wani darakta daga Kano mai suna Nafi'u, mutum mai fara'a da ɗan karen surutu. Har gida ya zo ya ce mini ya karanta shi ya kasa barci. Daga baya na gano ƙanwarsa ce ta karanta ta ba shi labari. Na yarda a yi fim da sharaɗi ɗaya, cewa fitowar ɗaurin gemu za ta zauna yadda na rubuta ta. Ya dafa ƙirji ya ce ko wasali ba za a taɓa ba.

Sauran littafin kuwa ya sha taɓawa. Maginin fada, wanda ni na rubuta shi dattijo mai ciwon gwiwa, ya koma saurayi mai saje. Aka ƙirƙiro wata yarinya ta fito a matsayin sarauniya tana budurwa, don kawai a samu wadda za ta yi rawa da shi, domin a cewar Nafi'u fim ba waƙa ko matarsa ba za ta kalla ba. Tufafin sarauniya aka sa musu dogon hannu, gashinta aka yi shi da baƙin zaren ulu a kan kallabi. Waɗannan biyun ban yi musu ba, na san inda muke. Sauran na haɗiye su ne saboda gemu.

Wadda ta fito a sarauniyar ita ce Lantana. Duk mai kallon fim ɗin Hausa ya san fuskarta ko bai san sunanta ba. Ita ce maƙwabciyar da ke leƙowa ta ce masu gidan ba sa nan, ita ce uwar da ke kuka a barandar asibiti. Shekara da shekaru a haka. Wannan karon ma ba don Allah aka ba ta ba, 'yan matan da ake ji da su ne suka ƙi gemun, ɗaya ta ce masoyanta za su mayar da ita abin dariya a waya. Lantana doguwa ce, baƙa, mai kaurin murya. Da ta zo gaishe ni na tarar ta haddace har maganganun da ba nata ba.

Sai dai Lantana aure za ta yi. Wani mai kemis ne, Malam Isiyaku, matarsa ta rasu da daɗewa, kuma tana son sa, in ya kira ta har muryarta canzawa take yi. Kun san yadda harkar take, 'yar fim in ta yi aure ta bar fitowa. A gaban kawunta suka yi magana, ta yi alkawari da bakinta cewa daga lokacin da aka shafa fatiha ba za ta ƙara tsayawa gaban kyamara ba. An sa ɗaurin auren ranar Juma'a a Kano, da an sauko daga masallaci. Amarya ba sai tana gari ba, biki sai mako na gaba. Duk fitowar cikin ɗaki an gama su, saura waƙoƙi da ɗaurin gemu, wato fitowa ɗaya tak da za a ce Lantana ce a tsakiya kowa yana gefenta. Nafi'u ya rantse ba za a ɗauke ta ba sai a kan tuddan rairayi na gaske. Yana da hotonsu a waya, ya ce da an wuce Maraɗi kaɗan za a gan su.

A farkon makon muka tashi daga Katsina, mu a bas, kaya a babbar mota: karagar mulki, ginshiƙan kwali da aka shafa wa fenti, da rabin jirgin ruwa. Gemun ne kawai na ƙi yarda ya shiga cikin kaya, na naɗe shi a ɗankwali na sa a jakata. Hanyar Jibiya ba ta da nisa, amma kowa ya san halin da yankin yake ciki, don haka tun kafin Daddara hira ta mutu, wadda ke kusa da ni ta ciro carbi. Shingayen bincike kuwa ba a magana. A kowanne sai an leƙo an tambayi fim ɗin mene ne, Nafi'u ya ce na sarauniyar Masar, mai tambaya ya washe baki ya ce au, matar Fir'auna, salihar baiwar Allahn nan. Sai in ce a'a, wata ce daban, ita da kanta ce fir'aunan. Sai fuska ta canza, a nemi tsari da Allah. Sai in shiga bayani cewa fir'auna sunan sarauta ne, an yi su da yawa, ba duka ne suka yi zamani da Annabi Musa ba. Na yi wannan darasi kyauta har maƙogwarona ya bushe. Daga baya duk wanda ya tambaya sai in ce Allah dai ya sa mu dace.

Kan iyakar yana Magama, kusa da garin Jibiya. Manyan motoci jere, babura ɗauke da jarkoki har ba a ganin mai tuƙin, masu canji suna bin mutum da sefa, akuyoyi suna yawo tsakanin ƙafafu ba mai tambayarsu takarda. Bas ɗinmu ta wuce lafiya. Har na fara yi wa Lantana barka, sai muka ga an yi wa babbar motar nuni ta koma gefe.

Wani ma'aikaci ya hau ya yaye tamfol. Karaga tana sama a kishingiɗe. A ƙarƙashinta, daga gaba har baya, buhunan dawa ne.

Direban, Idi, mutumin Gangara ne, siriri mai sanyin magana. Na tambaye shi daga ina dawa ta fito a cikin kayan sarauniyar Masar. Ko ɗar bai ji ba.

"Malama, kayan naku ba su da nauyi, kwali ne da katako. Mota in ta tahi hakanan wayam, iska na kaɗa ta. Shi ya sa na aza mata 'yan buhuna ta zamna da kyau."

Fitar da hatsi yana da takardunsa, Idi kuwa ba shi da ko ɗaya. Ma'aikatan ba su yi mana wulaƙanci ba, kuma gaskiya ce da su. Suka ce motar ba za ta motsa ba sai an bi ka'ida, kuma abin da ke cikinta yana cikinta, har karagar. Nafi'u ya hau kiran sunayen manyan mutanen da ya sani, wanda yake yi wa magana yana ta gyaɗa kai yana cin gyaɗarsa. Na zauna a benci ina duban ƙafar karagar da ta leƙo ta ƙarƙashin tamfol, ita ma kamar ta gaji da mu.

Da yamma ta yi, kunya ta ɗan kama Idi, ya kai mu mata gidan yayarsa a cikin gari, maza suka nemi wuri a shagon wani abokinsa. Yayar tasa, Hajiya Kulu, dattijuwa ce mai jiki, tana da rumfa a kasuwar hatsi. Kafin ta ce mana sannu sai da ta wanke Idi tas a gabanmu, ba don ya ɗauko dawa ba, don bai gaya mata ba ta haɗa shi da wanda ya san hanya. Sannan ta juyo ta ƙura wa Lantana ido, ta tambaye ta ko ba ita ce wadda ɗanta ya kora daga gida saboda matarsa ba. Lantana ta ce a fim ne. Hajiya ta ce ko a ina ne bai kyauta ba. Kafin magariba matan unguwa sun cika tsakar gida suna ba ta haƙuri, wata har da kawo mata ƙwai.

A gidan nan na ci tuwon dawa da miyar kuka safe da dare, ina ci ina tuna abin da ya tsare mu. Furarsu kuwa ban taɓa shan irinta ba, mai kauri, nonon ba a yi masa ha'inci da ruwa ba. Mutanen Jibiya ba su ɗauki iyaka a bakin komai ba. Mu a Katsina in mutum zai je Nijar sai ya yi sallama da dangi. Su kuwa mace za ta ce bari ta leƙa Maraɗi ta dawo kamar mai zuwa ɗebo wuta. 'Yar Hajiya ma can take aure. In suna hira sai ka ji kamiyo a wurin babbar mota, duwan a wurin masu binciken kaya na wancan ɓangaren, ba su ma san ba Hausa ba ce.

Washegari Hajiya ta sa ni a gaba sai na ba ta labarin fim ɗin. Na ciro gemun na nuna mata, ina jiran dariya. Ta juya shi a hannu, ba ta yi ba. Ta ce lokacin da maigidanta ya rasu ta gaji rumfarsa, maza suka riƙa wucewa kamar ba kowa a ciki.

"Sai da na ɗauko kujeratai na zamna bisa, na riƙe tiyatai ta awo, sannan sunka hwara tsayawa. To ita wagga, ya ta ƙare?"

Na ce ta yi mulki lafiya, ta yi gine-gine, ta aika jirage suka kawo itatuwan turare. Amma bayan ta mutu an bi duwatsu ana kankare sunanta da siffarta.

"To ke ina kinka san ta?"

Na ce akwai wuraren da masu kankarar suka tsallake.

"Maza ke nan," in ji ta. "Ko shara ba su iya ba."

Kwanaki suna tafiya, mota tana tsaye. A bayan garin akwai gulbi, lokacin bazara ne ya ƙafe, rairayi fari tas shimfiɗe har iya gani. Na ja Nafi'u na kai shi bakin wurin, na ce ga rairayi, ga Lantana, ga gemu a jakata, mu ari kujera mai kyau mu lulluɓe ta da zane mu gama. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malama, ke kin san tarihi, ni na san fim." Ya ce rairayin gulbi daban, na sahara daban, 'yan kallo za su gane. 'Yan kallon da suka yarda maginin Masar yana da saje irin na 'yan ƙwallo. Ya koma shago ya ci gaba da koya wa saurayi da budurwarsa taka rawa, mutanen da ba wanda zai ɗaura wa aure ko a bana ko a baɗi.

Lantana ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Kullum da safe tana ƙarƙashin bishiyar bedi a tsakar gida tana maimaita maganarta a hankali, tana gwada yadda za ta ɗaga haɓa. Na ce mata ta kira kawunta a ɗaga ranar. Ta ce tsoho ne, kuma dangi sun riga sun taso daga nesa. Na ce to ta roƙi Malam Isiyaku ya yi mata afuwar yini guda, mutumin kirki ne, ba zai ƙi ba. Ta yarda ba zai ƙi ba.

"Shi ya sa ba zan tambaya ba, Malama. In na buɗe zaman da neman sassauci a kan abin da na faɗa da bakina, da me zan riƙe shi ran da ya zo neman nasa?"

Sai na huce a kan Idi, wanda ya shigo daidai lokacin neman fura.

Ranar Alhamis aka sallami motar. An sauke dawa, Idi ya sha tara, yana ta gunaguni wai yanzu in iska ta kayar da mu ba ruwansa. Karaga ta fito da hannu ɗaya a karye, ginshiƙi guda ya lanƙwashe, akuya ta cinye furannin takarda na gaban jirgi. Hajiya Kulu ta ce tunda mota za ta, bari ta je ta ga ɗiyarta, ta shiga bas ta zaɓi kujerar da ta fi kowace iska.

A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, na ga wani salon aiki. A wajenmu ma'aikaci zai yi maka wasa, ya tambayi mutanen gida, ya riƙe ka yana dariya. Can jandarma zai sara miki, ya kira ki madam, ya jera ku a layi kamar 'yan firamare, ya duba katin kowa gaba da baya ba ko murmushi. Muna dab da gamawa rana ta take, sai kawai aka rufe taga. Wai lokacin hutun rana ne, sai an jima. Na tambayi wani ko wasa ake yi, ya ce haka ake yi kullum, har kantuna. Muka koma rumfar mai shayi, aka kawo mana wani dogon burodi mai tauri da ya kusa cire mini haƙori, Hajiya tana tsoma nata a shayi tana yi mini dariya. Layukan wayoyinmu kuma duk suka ɗauke, ba damar kira.

A rumfar nan Nafi'u ya ciro hoton tuddan rairayinsa ya nuna wa mai shayin, ya tambaye shi ta wace hanya ake bi in an wuce Maraɗi. Mutumin ya goge hannu ya karɓi wayar, ya duba, ya kira wani buzu da ke gefe shi ma ya duba. Suka haɗu a kan cewa wannan gaba da Agadas ne, ba tafiyar yini ɗaya ba ce, kuma ba a zuwa sai da rakiya. Nafi'u ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu. Can ya tambaya cikin ƙaramar murya ko akwai wani wuri mai rairayi a kusa. Mai shayi ya ce akwai gulbin Maraɗi, ya ƙafe yanzu.

Hajiya Kulu ta kurɓi shayinta ta ce ai shi ne wanda ya bi ta bayan gidanta, nan ya gangaro.

Ina da hawan jini, likita ya hana ni fushi. Na tashi na zagaya bayan rumfar na tsaya ina kallon wani jaki har numfashina ya daidaita.

Mun kwana gidan 'yar Hajiya a Maraɗi, aka cika mu da dambu da zogale. Kafin mu rabu da maza na tare Nafi'u na sa ya yi mini alkawari a gaban mutane cewa gobe Juma'a ba abin da za a fara ɗauka sai ɗaurin gemu. Ya ce ko bai faɗa ba ai wannan a bayyane yake.

Da sassafe muna bakin gulbi. Aka kafa ginshiƙai, aka ɗaure hannun karaga da waya aka rufe da zane. Sai ga raƙuma biyu an jawo. Nafi'u ya matso yana murza hannu, ya ce ya yi sa'ar samun su haya amma masu su za su wuce da su kafin azahar, kuma hasken safe mai laushi na waƙa ne, ɗaurin sarauta kuwa ya fi kyau rana tana tsaka, zinariya ta yi ƙyalli. Ya ce waƙar ba za ta ɗauki wani lokaci ba. Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba, ɗalibaina suna karatu.

Raƙumi ɗaya ya ƙi durƙusawa. Da ya durƙusa ya ƙi tashi. Budurwar ta ji tsoronsa, saurayin ya zame a rairayi, aka sake, aka kuma sakewa. Lantana tana zaune a inuwar mota da kayanta a cinya, na ga tana yawan duban rana. Lokacin da Nafi'u ya tafa hannu ya ce to a kawo sarauniya, daidai nan kiran salla ya taso daga cikin gari.

Maza suka dubi juna. Mai kyamara ya ce shi bai taɓa barin Juma'a ba, kuma ba zai fara a ƙasar mutane ba. Ba zan ga laifin mai zuwa masallaci ba, laifin na wanda ya cinye safiya ne. Nafi'u ya ce kada mu damu, a Kano ɗaurin aure layi ake yi, kafin a zo kan na Lantana sun dawo sun ɗauka sun naɗe kaya. Ya ce mu shirya ta kafin nan. Aka kulle kyamara a bas saboda zafi, suka ɗunguma suka tafi da makullin.

Budurwar ma ta bi su cikin gari. Aka bar mu mu uku, ni da Lantana da Hajiya Kulu, a tsakiyar gulbi, da karaga, da ginshiƙai masu rangaji. Wasu mata da ke ban ruwa a lambunan bakin gulbin suka matso kallo, da wata mai tallan fura. Muka hau shirya Lantana. Na ja mata kwalli har gefen kunne, muka ɗora gashin ulu, da abin wuya na duwatsu, da hular sarauta. Da na warware ɗankwali na ciro gemun, sai igiyar ta zo a hannuna ita kaɗai. Zafin jaka ya narkar da gam ɗin. Matan lambu suka kwashe da dariya da suka gane inda za a sa shi. Hajiya Kulu ta zaro allura daga kallabinta, ta tsinko zare a bakin zanenta, ta zauna a rairayi tana ɗinki tana tsaki. Iska tana kawo mana huɗuba guntu-guntu, sannan kabbara. Hajiya tana cizge zaren ƙarshe da haƙori muka ji liman ya yi sallama.

Na ciro wayata da sauri. Ko ba ta kira, tana ɗaukar hoto. Na ce wa Lantana ta hau kawai, ni zan ɗauka, in ya so Nafi'u ya san yadda zai yi da shi, ai ƙila can ba a kai kanta ba tukuna.

Ta ɗora hannunta a kan wayar ta sauke ta ƙasa.

"Ƙila ba a kai ba, ƙila an kai. An idar a nan, an idar a can. Ba zan yi caca da shi ba, Malama." Ta gyara zaman hular sarauta. "Amma kyamara na yi wa alkawari, ban ce zan daina magana ba. Zo ki ɗaura mini."

Na mayar da wayar jaka. Na zagaya da igiyar ta bayan kunnuwanta na ƙulla. Ta taka rairayi a hankali, ta hau karagar nan mai karyayyen hannu, ta zauna, ta ɗaga haɓa. Matan suna ta ƙyaƙyatawa. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, sannan ta buɗe baki.

"Ku dube ni da kyau yau, ku gama kallo. Mai dariya ya yi ta yanzu, na ba shi izini. Kogi bai tambaye ni ko ni mace ce ba kafin ya kawo ruwa bana, rumbunan da na cika ba su tambaya ba. Ku ne kuka ce sai da wannan za ku ji magana, to ga shi na ɗaura. Gobe in na fito da shi, ba haɓata za ku duba ba. Ƙasa za ku duba."

Ni na rubuta kalmomin nan, na san kowane waƙafi a cikinsu, amma wallahi ban taɓa jin su ba sai ranar. Muryarta ta cika gulbin. Dariya ta ɗauke ɗif. Mai furar nan ta sauke ƙwaryarta, na ga ta durƙusa a rairayi ba tare da ta san ta yi ba. Lantana ta ci gaba har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba, ta yi umarni a shirya jirage, ta sallami fada da ɗaga yatsa biyu. Sai Hajiya Kulu ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran matan suka amsa. Ni kuka nake yi, na baƙin ciki da na wani abin da ban san sunansa ba.

Muna cikin haka maza suka ɓullo daga bakin gulbi, Nafi'u a gaba yana gudu da takalma a hannu, yana kiran a buɗe mota a fito da kyamara. Ya iso ya tarar Lantana ta kai hannu bayan kunne tana kwance igiya. Ya roƙe ta, ya ce kaɗan kawai, ba wanda zai san kafin salla aka ɗauka ko bayanta, har ya durƙusa mata. Ta ce masa ya makara, kuma ba ta riƙe shi a rai ba. Ni na riƙe shi, har yau.

Ta sauko ta wanke kwallin da ruwan lambu, ta zura hijabinta, ta koma Lantanar da kowa ya sani, mai leƙowa ta ce masu gidan ba sa nan. Ta naɗe gemun a ɗankwalin da kyau ta miƙo mini. Idonta ya yi ja amma tana murmushi.

"Malama, ke ce mai rubutu. Ba wanda zai gani. Ki gaya musu na iya."

Ta iya. Ina wurin, da idona na gani. Ta iya.